Jar Shinkafar Bappa da Masana Uku

Wayewar ɗan Adam ba da rubutu ta fara ba, ba kuma da ƙira ko ginin birane ba. Ta fara ne ranar da wani mayunwaci ya dubi ɗan hatsin da ya rage masa a tafin hannu, cikinsa na ƙugi, ya ce wannan ba na ci ba ne, na shuka ne. Duk wata jami'a da ke bayan ƙasa, da ɗakunan karatunta da manyan rigunanta na yaye ɗalibai, a kan haƙurin wannan mutumin aka kafa ta. Na sha faɗa wa ɗalibaina haka a aji, suna ta rubutawa don sun san yana fitowa a jarrabawa. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne yadda muka yi da tukunyar irin Bappana, ni da wasu masana uku daga ƙasashen waje.

Bappa ƙanen mahaifina ne. Mu a Ƙofar Kware muka tashi, cikin birni, shi kuwa ya zauna a ƙauyenmu na asali, can gaba da Wamakko, a bakin fadama, yana noma gonar da kakanmu ya bari. Gonar a kwari take, inda ruwan gulbi ke kwanciya duk damina har ya shanye mutum. Ba abin da ke yi a wurin sai wata jar shinkafa da muka gada. Ana yafa ta kafin ruwa ya sauka. In gulbi ya cika ya malalo, ba ta nutsewa, bin ruwan take: ya ƙaru ta ƙara tsawo, kanta kullum yana sama. Ba ta da yawan amfani kamar farar shinkafar zamani, kuma tana da taurin casa, shi ya sa maƙwabta suka watsar da ita ɗaya bayan ɗaya. A ƙauyen dai Bappa kaɗai ya rage da ita. Kowace kaka yakan ware iri, ya zuba a wata babbar tukunyar ƙasa da toka, ya liƙe bakinta da laka, ya ajiye a ɗakinsa, ba a rumbu ba. Ko matarsa Inna ba ta taɓa tukunyar.

Ni ne na kai labarin wannan shinkafa jami'a. Ina koyar da tattalin arziki, kuma a lokacin na daɗe a mataki ɗaya, don ƙarin girma a wurinmu sai da takarda a mujallar waje. Wata rana wani farfesa na sashenmu ya kira ni ofishinsa, ya ce an sami haɗin gwiwa da jami'o'i uku na ƙetare kan noma mai ɗorewa. Akwai injiniya daga Turai, da wata masaniyar muhalli daga Asiya, da masanin tattalin arziki daga Amurka. Komai ya kammala, in ji shi, sai abu ɗaya: ba su da gona, ba su da manomi. Na buɗe baki na ce ai ina da Bappa.

Ranar Asabar na same shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran kalme. Bayan gaisuwa na ce masa, "Bappa, wasu masana ne daga waje suke son su yi nazari a kan gonar fadama."

"Nazari? Mi gonar ta yi musu?"

"Jar shinkafarka suke so su ceto."

Ya ajiye kalmen ya dube ni. "Su ceto ta daga wa, Dakta?"

Dakta yake ce mini tun kafin in zama, kuma har yau ban tantance ko girmamawa ce ko zolaya ba. Na yi masa bayanin sauyin yanayi da ɓacewar irin gargajiya, bayani mai kyau, irin wanda nake ba ɗalibi maki a kansa. Ya saurara har na gama. Ya ce tunda ɗan wansa ne ya roƙa, gonar tawa ce. A gidanmu ba a mayar da roƙon ɗan wa, kuma na san haka tun kafin in kama hanya.

Sharaɗin masanan ɗaya ne: kada a taɓa gonar sai sun daidaita kan tsarin bincike. Sun ce abin makonni ne.

Daga nan muka shiga taro. A kan kwamfuta ake yi, kowa a ƙasarsa, fuskarsa a ɗan akwati. Mu a nan sai an tayar da janareta, saboda haka duk wata muna ƙona man dizal na awa biyu muna tattauna yadda za a ceci duniya daga hayaƙi. Rabin taron yana tafiya ne a "Kuna ji na?" da "Muryarka ta ɗauke." Sauran rabin kuma rigima ce cikin ladabi. Injiniya yana son a yi wa gonar ganuwa a tare ambaliya, a kafa famfo mai aiki da hasken rana. Na tuna masa cewa shinkafar nan ambaliyar take so. Ya ce za a duba wannan a mataki na biyu. Masaniyar muhalli ta ce ganuwa za ta kashe kifi da kwaɗi da tsuntsayen fadama, ita so take a bar gonar yadda take a ƙirga halittun ciki tukuna. Masanin tattalin arziki ya ce a raba gonar biyu, a shuka rabi a bar rabi don kwatance, amma sai kwamitin jami'arsu ya ba da izinin yi wa manomi tambayoyi, kuma kwamitin yana hutu. Kowannensu yana da gaskiya a fanninsa. Kowannensu kuma yana buƙatar sa hannun sauran biyun. An ce mana wannan shi ne amfanin haɗa fannoni.

Damina ta farko ta zo ta wuce. Abu ɗaya da aka shuka a gonar shi ne allon ƙarfe mai ƙafa biyu, ɗauke da tambarin jami'o'i huɗu da dogon rubutun Turanci. Balbelu sun ji daɗinsa ƙwarai.

Bappa bai yi ƙorafi ba. Gonarsa ta tudu ta gero ce, shinkafa ba ta yi a can, saboda haka gidan da ba a taɓa rasa tuwon shinkafa ba ya koma gero safe da yamma. Amma yana da wata al'ada. Duk bazara yakan ɗan huda lakar tukunyar, ya ciro ƙwayoyi kaɗan, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a gindin randa. Bayan 'yan kwanaki ya warware ya ga nawa suka tsiro. Shekarar farko duk sun tsiro. Ta biyu, da na je, ya warware tsumman a gabana. Kusan rabi sun yi shiru.

"Iri ba dutse ba na, Dakta," ya ce. "Rai gare shi, kuma shina gajiya da jira. Ka hwaɗa ma mutanenka."

Na faɗa musu a taron wata. Masaniyar muhalli ta damu sosai, ta ce ya kamata a ɗebi samfuri a kai ma'ajiyar iri ta ƙasarsu. Sai aka gano cewa fitar da iri daga ƙasa zuwa ƙasa sai da yarjejeniya, aka miƙa maganar ga lauyoyin jami'o'in huɗu. Babu wanda ya ce a ɗebi tafi ɗaya a yafa a wata fadamar. Ni ma ban ce ba. Ina da aljihun tebur a ofis, ina da ambulan fiye da yadda nake buƙata, kuma ban taɓa roƙon Bappa ko cokali ɗaya ba. Na ɗauka abin da manya irin waɗannan suka sa a gaba ba ya ɓacewa.

Damina ta biyu ma ta wuce. Bappa ya ce mini a fili, in shinkafar ba ta shiga ƙasa a ta uku ba, to a yi mata salla.

Cikin ikon Allah sai suka daidaita. Za a bar ambaliya ta shigo, famfo ya jira rani, a shuka gonar duka. Kuma su ukun za su zo da kansu a bazara, a yi ɗan bikin ƙaddamarwa, washegari Bappa ya yafa irinsa. Farfesa ya ƙara da cewa baƙin suna sha'awar ɗanɗana shinkafar da suka shekara biyu suna magana a kanta, kuma hoton hakan zai ƙawata rahoto.

Na kai wa Bappa saƙon.

"Baki nawa?" ya tambaya.

"Su uku, da Farfesa, da ni. Biyar."

Ya sosa gemu. "Mudu biyu ba su kashe gona. Su taho." Ranar ya fasa lakar tukunyar, ya auna mudu biyu ya ba Inna.

Ranar Laraba ce, da hantsi, zafin Sakkwato yana kan ganiyarsa. Na riga su zuwa a babur. Ina tsaye da Bappa a ƙofar gida sai muka hango ƙura. Motar baƙi ce a gaba. Bayanta motar Farfesa. Bayanta motocin shugabannin sassa uku, tunda binciken ya haɗa fannoni uku kuma ba a gayyatar wani a bar wani. Kowane shugaba da mataimakinsa da sakatarensa. Sai wata doguwar bas cike da ɗalibai da aka kwaso don kada kujeru su fito babu kowa a hoto. Sai akori-kura ɗauke da rumfuna da kujerun roba da lasifika. Sai mutanen ƙaramar hukuma, da masu kyamara, da waɗansu da har yau ban san ko su wane ne ba, amma ina ganinsu a duk taron da ake raba abinci. Daga baya na ga katin gayyatar da ofishin Farfesa ya buga. A ƙasansa an rubuta cewa za a ci abincin gargajiya na jar shinkafa. Ba wanda ya ga dalilin nuna wa mai shinkafar.

Bappa ya tsaya yana kallon mutane suna sauka. Bai ƙirga su ba. A gidanmu ba a ƙirga baƙo, ana ganin rashin kunya ne. Ya gaisa da kowa hannu biyu, har direbobi, sannan ya shige cikin gida.

An kafa rumfa a bakin gonar, kusa da allon balbelu, aka fara jawabai. Ana cikin jawabi na biyu na ji ƙarar taɓarya. Ba turmi ɗaya ba, uku ne ko huɗu, matan maƙwabta sun shigo taya Inna. Mudu biyun nan tun jiya aka cashe su. Na san abin da ake dakawa.

Na zame na shiga gida. Tukunyar tana tsakar gida, an karkata ta, Bappa da kansa yana ɗiba da ƙwarya. Inna ta ɗago daga bakin murhu, gumi na zuba, ta ce, "A'a, ga mai ƙidaya! Kai kac ce biyar, ɗan nan. Can makarantar taku haka biyar take?"

"Inna, wallahi ban sani ba. Bappa, don Allah ka dakata. Bari in hau babur in je Wamakko in sawo fara, a dafa wa sauran. Manyan baƙin kawai za a ba ja."

Bai ko ɗago ba. "A gidan ga ba a taɓa aza ma baƙi tukunya biyu ba. Wanda yaz zo cikin mota mai sanyi da wanda yat tuƙo ta, tuwo guda su ka ci. Haka ubanka ya ishe, haka ni na ishe."

"To a ba kowa farar. Wallahi ba su san bambanci ba."

Nan ya ɗago. "Ja anka ce musu, ja sunka zo ci. In aza ma mutum hwara in bar shi shina yaba ja? Ni in yi ƙarya da akushina, Dakta?"

"Iri ne fa, Bappa."

"Na san mi na na," ya ce. "Tahi wurin baƙinka, ana kiranka."

Ana kirana kuwa, a lasifika, don ni ne tafinta. Na tsaya wurin Farfesa na raɗa masa cewa irin ake dakawa, a sanar da mutane babu abinci, kowa ya yi haƙuri. Ya dube ni kamar na ce a rushe jami'ar. "A gaban baƙi? Bayan jawabi, Dakta, bayan jawabi." Ina iya ɗaga abin maganar in faɗa da bakina, a hannuna yake. Na duba layin gaba, duk waɗanda za su zauna kan takardun ƙarin girmana suna nan zaune suna fifita da takardar shirin taro. Sai na gyara murya na fara fassara.

Injiniya ya yi magana kan hasken rana, wanda a lokacin yake gasa masa ƙeya har ta yi ja. Masanin tattalin arziki ya yi magana kan kasuwar duniya. Shugabannin sassa uku kowa ya yi nasa, kowa ya gode wa sauran biyun da sunayensu da muƙamansu. Jawaban sun yi tsawon da ya ishi mata su casa, su sheƙe, su wanke, su tuƙa. Da masu jawabin sun taƙaita, da wani abu ya rage a tukunyar. Ta ƙarshe ita ce masaniyar muhalli, kuma ita kaɗai ce na ga alamar abin ya kai mata zuci. Ta ce kowace ƙwayar irin gargajiya ɗakin karatu ce da kakanni suka shekara ɗaruruwa suna rubutawa, in ta ɓace ba mai sake rubuta ta. Na juya shi da Hausa mai kyau, har wani dattijo ya ce madalla. Tana cikin magana ta tsaya, ta saurari lugudan taɓarya daga cikin gida, ta yi murmushi, ta ciro wayarta ta naɗi sautin. Ta ce in gaya wa jama'a ba ta taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Na gaya musu.

Bayan azahar aka fito da tuwo, ja-ja-wur, da miyar sure da man shanu, a akussa da faranta da duk wani kwano da ke ƙauyen. Abin da na gani daga nan shi ne har yau na kasa mantawa. Wani shugaban sashe ya gutsura ya ce ta cika gautsi, ya ture, ya nemi ruwan roba. Mataimakinsa ya ci rabi ya wanke hannu a kan sauran. Ɗalibai suna wasa da malmala, wani ya cilla wa akuya tasa. Waɗancan da ban san ko su wane ne ba suka ciro ledoji daga aljihu, don da shirinsu suka zo. Mai kyamara ya sa aka sake jera kwanoni sau uku, ya ce a ɗaga loma a riƙe a yi murmushi. Bappa yana zagayawa yana cewa a ƙara, a ci, gida na. Shi bai ci ba.

Da aka fara naɗe rumfa, masaniyar muhalli ta zo wurina da wata 'yar farar ambulan, fuskarta cike da fara'a. Ta ce lauyoyi sun sa hannu a makon jiya, yanzu tana da izinin ɗaukar samfuri. Cokali biyu ma ya isa.

Na juya na faɗa wa Bappa. Ya dubi ambulan ɗin, ya dube ta, ya ce, "Ce mata ta riga ta ɗauka. Shina cikinta."

Wannan karon ban yi wa fassarar ado ba. Na gaya mata tukunyar ta ƙare, kuma na gaya mata kiɗan da ta naɗa a waya na mene ne. Ta zauna a kan kujerar roba. Injiniya ya tambaya ko babu kwafi a wani wuri. Farfesa ya matso, ya ji abin da ya faru, ya ce, "Ba komai. Za mu saka shi a ƙarƙashin ƙalubale."

Da motocin suka tafi, ni da Inna muka koma gindin turame da tsintsiya, ko za a tsinci ƙwayoyin da suka fallatsa da ɓawonsu. Kaji sun riga mu. Fadama kuwa ta cika da robobin ruwa, iska na mirgina su zuwa gulbi.

Na zagaya ƙauyukan kusa a babur makonni biyu ina cigiya. Na sami masu jar shinkafa nan da can, na kawo wa Bappa, ya murza a tafin hannu ya sansana ya ce ba ita ba ce. Da ruwa ya sauka ya yafa fara da ya samo wurin maƙwabci. Gulbi ya malalo kamar yadda ya saba tun zamanin kakanmu, farar ta tsaya inda take, ruwa ya haye kanta. Bai taɓa yi mini maganar ba. In na je gaishe shi, abin da yake tambaya kawai shi ne, "Dakta, baƙinka sun isa gida lahiya?" Tukunyar yanzu Inna ke zuba ruwa a ciki.

Rahoton ya fito bayan shekara, a takarda mai sheƙi, da sunayenmu biyar. Ya yi kira ga manoman fadama da su fahimci darajar irinsu na gargajiya, su daina sakaci da shi, ya kuma ba da shawarar a shirya musu bita. An yi mini ƙarin girma. A bangon rahoton akwai hoton ranar Larabar nan, masana a zaune kan tabarma a bakin gona. Ni ne na uku daga hagu, kuma malmala ta biyu ce a gabana.